Darasi na 9: Yadda Ƙwayoyin Bakteriya Suke Rayuwa Cikin Kanwa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana ma'aunin tsami da kanwa, da matsayin kayan gida a kansa;
2. faɗin dabarun da bakteriya take bi ta tsare cikinta idan wajenta ya yi kanwa;
3. nuna yadda wannan ya shafi daddawa, rini, kifi da cutar amai da gudawa.

Gabatarwa

Kanwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Yawuri. Tun zamanin fataken Gwanja, ayarin jakuna da ya taso daga Kano da Katsina ɗauke da kanwar Barno yakan yada zango a wannan yanki kafin ya ƙetare Kwara, ya je ya dawo da goro. Har gobe tana nan a kasuwar Yelwa: jar kanwa, farar kanwa da ungurnu. Uwargida tana jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, tana sa ta a miyar kuɓewa don yauƙi ya tashi, makiyayi kuma yana ba shanunsa. Kowa ya san karin maganar nan da ke cewa kanwa ta kar tsami.

Tsami da kanwa suna da wani aiki da ido ba ya gani. Su ne suke zaɓar ƙwayoyin halittar da za su rayu a cikin tukunya, da randa, da tafki, da cikin ɗan Adam. Yawancin ƙwayoyi ba sa iya zama inda kanwa ta yi ƙarfi, amma akwai waɗanda nan ne ma suke bunƙasa. Wasunsu suna yi mana hidima, wasu kuma suna kashe mu. Wanda ya san sirrin zamansu zai iya kiwon masu amfani, ya kuma tsare gidansa daga masu cutarwa.

A wannan darasi, duk abin da yake kishiyar tsami za mu ce da shi "mai kanwa", ko da ba kanwa aka zuba masa ba. Ruwan toka da sabulu duk suna wannan ɓangare.

1. Ma'aunin tsami da kanwa

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Soren Sorensen, ya fito da ma'aunin da ake kira pH. Yana farawa daga 0 ya tsaya a 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ba tsami ba kanwa. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa ce. Ga matsayin wasu abubuwa da muka sani:

- ruwan tumbin mutum: tsakanin 1.5 da 3.5
- lemon tsami: wajen 2
- nono mai tsami: wajen 4 zuwa 4.5
- ruwa mai tsabta: 7
- jinin mutum: wajen 7.4
- daddawar da ta nuna: 8 zuwa sama kaɗan
- jiƙon kanwa mai kauri da ruwan toka: 10 zuwa sama
- sodar haɗa sabulu: 13 zuwa 14

Abin da ma'aunin yake ƙirgawa shi ne yawan wani ɗan ƙanƙanin abu da ake kira furoton, wanda yake fitowa daga sinadarin haidurojin. Idan furoton ya yi yawa a ruwa, ruwan ya yi tsami. Idan ya yi ƙaranci, ruwan ya yi kanwa. Ku lura da kyau: kowane hawa ɗaya ninki 10 ne. Ruwa mai pH 8 furoton ɗinsa ya gaza na mai 7 sau 10, mai 9 ya gaza sau 100, mai 10 kuma sau 1,000.

*Gwajin aji.* A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofunan gilashi uku. A bar na farko yadda yake. A matsa lemon tsami a na biyu, za a ga jansa ya ƙara haske. A ɗiga jiƙon kanwa a na uku, nan take zai yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Sai a riƙa matsa lemo a kofi na uku a hankali har jan ya dawo. Da wannan ruwan zoɓo za ku iya gwada ruwan toka, ruwan sabulu, tsamiya da ruwan ƙullu, ku ware kowanne ɓangarensa.

2. Me ya sa bakteriya take tsaron cikinta?

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak. Sai an jera ɗaruruwanta kafin su cika tsawon milimita 1, shi ya sa ba wanda ya gan ta sai a 1676, lokacin da Antoni van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango ta da madubin da ya haɗa da hannunsa. Jikinta yana lulluɓe da siririn tantani na maiƙo, bayan tantanin kuma akwai bango da ke riƙe siffarta.

A cikin tantanin ne ake duk harkar rayuwa: narka abinci, gina jiki, rabuwa biyu. Masu wannan aiki su ne enzayim, wato wasu nau'o'in furotin da kowanne yake da siffa ta musamman daidai da aikinsa. Idan tsami ko kanwa suka yi yawa, siffar takan jirkice, aikin ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Saboda haka dole cikin ya zauna kusa da tsakiya. Bakteriyar da ake kira *Escherichia coli*, wadda take zaune a hanjin kowa, tana riƙe cikinta tsakanin 7.4 da 7.8 ko da wajenta ya sauka zuwa 5.5 ko ya hau zuwa 9.

Masana sun kasa bakteriya kashi-kashi ta wannan fuska. Akwai masu son tsami, akwai masu jure shi kamar waɗanda suke tsamama nono da ƙullun koko. Akwai 'yan tsakiya, su ne mafiya yawa. Akwai masu jure kanwa, waɗanda sun fi son tsakiya amma suna iya kai wa wajen 9. Sai kuma masu son kanwa na haƙiƙa, waɗanda ba sa jin daɗi sai pH ya haura 9, suna yaɗuwa a 10 har 11.

Wanda ya buɗe ƙofar nazarin wannan kashi na ƙarshe shi ne Koki Horikoshi na ƙasar Jafan, daga 1968. Ya gano cewa suna nan ko a ƙasar gona, ba sai an je nesa ba. Amma babbar matattararsu ita ce tafkunan kanwa, kamar Magadi a Kenya, da Natron a Tanzaniya, da ƙananan tafkunan Kanem a Cadi, inda matan Kanembu suke kwasar wata koriyar halitta daga saman ruwa, su shanya ta a yashi, su yi miya da ita. Suna kiranta dihe.

3. Matsalar da kanwa take jawowa

Don a gane matsalar, sai an san inda ƙwaya take samun ƙarfi. Mu dubi madatsar Kainji da aka kammala a 1968. An tare Kwara, ruwa ya taru ya zama tafki har ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Ruwan da ya taru a sama yana gangarawa ta cikin injuna, yana juya su, wuta tana samuwa. Haka ƙwaya take yi. Da ƙarfin abincin da ta ci take tura furoton waje, ya taru a bayan tantani, sa'an nan ya kwararo ciki ta wani ɗan inji na furotin. Injin nan juyawa yake yi da gaske, yana haɗa sinadarin da ake kira ATP, wanda shi ne makamashin duk ayyukan ƙwaya. Peter Mitchell na Ingila ne ya bayyana wannan tarawa da kwararar furoton a 1961, aka ba shi kyautar Nobel a 1978.

To, idan ƙwaya ta sami kanta cikin kanwa, tamkar tafkin ya janye ne har ruwan ƙasan madatsa ya fi na sama tudu. Furoton ya yi ƙaranci a waje, na ciki yana neman tserewa. Haɗari biyu ke nan a lokaci guda: cikin zai koma kanwa, injin ƙarfi kuma zai rasa abin da zai juya shi.

Duk da haka masu son kanwa suna cin nasara. Terry Krulwich da abokan aikinta a birnin New York na Amurka sun shafe shekaru suna nazarin wata bakteriya mai suna *Bacillus pseudofirmus*. Sun auna sun ga cewa idan wajenta yana 10.5, cikinta yana wajen 8.3. Wato furoton ɗin da ke ciki ya ninka na waje fiye da sau 100, kuma a haka take ci gaba da rabuwa cikin sauri.

4. Dabaru huɗu

*Dabara ta farko: musayar sodiyam da furoton.* Wannan ita ce uwar dabarun. A jikin tantani akwai ƙofofi na furotin da suke fitar da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, su shigo da furoton a madadinsa. Furoton da sodiyam duk suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar ƙari, cikin ƙwaya kuwa yana da alamar ragi, don haka yana janyo su. Ƙofar tana shigo da furoton fiye da sodiyam ɗin da take fitarwa. A jikin *Escherichia coli* biyu ne suke shiga, ɗaya ya fita. Wannan rarar ce take ba cajin lantarki damar tafiyar da musayar, ko da furoton ya yi wuya a waje. Babbar ƙofar masu son kanwa ana kiranta Mrp. Da masana suka lalata ta, ƙwayar ta kasa girma a cikin kanwa.

Sodiyam ɗin da aka fitar ba a barin sa a banza. Yana komawa ciki ta wasu ƙofofi yana janye da abinci, yana kuma juya wutsiyar da ƙwayar take iyo da ita. Daga nan a sake fitar da shi a karɓo furoton. Ashe kanwar da take neman halaka ƙwayar ita ce kuma take ba ta sodiyam ɗin da take kare kanta da shi.

*Dabara ta biyu: bango mai tsami.* Masu son kanwa da yawa suna cika bangonsu da sinadarai masu tsami masu alamar ragi. Waɗannan suna riƙe furoton da sodiyam kusa da tantani, suna kuma korar sinadarin da ke kawo kaifin kanwa. Saboda haka abin da yake taɓa tantanin bai kai kaifin ruwan da ke kewaye ba.

*Dabara ta uku: haɗa tsami.* Idan kanwa ta matsa, ƙwaya takan karkata narkar da abincinta zuwa hanyar da ke haifar da tsami. Wani yana zama a ciki, wani tana zubarwa waje, ta rage kaifin wurin da take zaune.

*Dabara ta huɗu: gyaran injin ƙarfi.* Injin ATP na masu son kanwa yana da 'yan sauye-sauye da suke sa ya cafke furoton ko da kaɗan ne, ya kuma hana shi zurarewa. Kowane furoton da ya shigo ta nan ya yi aiki biyu: ya juya inji, ya kuma taimaka wajen rage kanwar ciki.

Duk waɗannan dabaru suna cin makamashi, dare da rana, ba hutu. Kuma suna da iyaka. Idan aka doshi 12 zuwa sama, kusan babu ƙwayar da take iya ci gaba da yaɗuwa.

5. Inda muke haɗuwa da su

*Daddawa.* Mai daddawa a Ngaski ko Shanga tana ɗora kalwa a wuta tun safe, ta yi ta ƙara ruwa da itace har dare. Sai ta sussuka a turmi, ta wanke, ɓawon ya fita. Ta sake dafawa kaɗan, ta tsane, ta zuba a ƙwarya ko kwando da sauran zafinta, ta rufe da ganye da buhu, ta kai ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana 2 ko 3 in ta buɗe, sai ɗumi ya bugi hannunta, wari mai kaifi ya hau mata hanci. Kalwar ta yi duhu, ta yi laushi, yauƙi yana bin yatsa.

Wannan aikin *Bacillus subtilis* ne da 'yan uwanta. Doguwar dahuwa ta kashe yawancin ƙwayoyi, amma ita tana iya dunƙulewa cikin ƙoƙo mai tauri da ke jure tafasa, tana kuma nan a jikin ƙwarya da ganyen rufi. Da ta farfaɗo sai ta fitar da enzayim da suke farfasa furotin ɗin kalwa. Daga nan ɗanɗano yake fitowa, daga nan kuma iskar amoniya take tashi, ita ce warin nan mai kaifi. Amoniya tana ɗaga pH daga kusan 7 zuwa 8 ko sama. Bakteriyar da kanta ta mai da gidanta mai kanwa. Ita tana jurewa saboda ƙofofin musayarta, abokan takararta da yawa kuma suna ja da baya. Haka ake yi da daddawar batso da ta waken suya, da iru a ƙasar Yarbawa, da sumbala a Mali da Burkina Faso, da natto a Jafan. Duk da haka masu sana'ar suna kiyaye tsabtar hannu da rufi, suna kuma shanya daddawar sosai bayan an daka an mulmula.

*Karofi.* A marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ana haɗa baba da toka da kanwa a rami a bar su su ruɓa. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa. Bakteriya masu son kanwa ne suke juya shi ya narke ya shiga zare. Shi ya sa zane yake fitowa daga rami kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. A irin wannan haɗi da ake yi a Jafan, masana sun gano bakteriya daga jinsin da ake kira *Alkalibacterium*.

*Kifi.* Masunta a Yelwa, Zamare da Wara sun san kifin da ya kwana cikin zafi yakan yi laushi da wari. Bakteriya ne suke cin furotin ɗinsa suna sakin amoniya, namansa yana karkata zuwa kanwa. Fede ciki da wuri, wankewa da ruwa mai tsabta, da gaggauta banda ko sa ƙanƙara su ne suke tare su.

*Omo da jima.* Enzayim ɗin da ƙwayoyi masu son kanwa suke fitarwa waje an gina su ne don aiki cikin kanwa. Masana'antu suna kiwon jinsin *Bacillus* su tatsi enzayim ɗin, su zuba a garin wanki don ya cinye tabon jini da miya. Ana kuma amfani da su a manyan majemu wajen cire gashi daga fata.

6. Amai da gudawa: mai jure kanwa da ke kisa

Ƙwayar kwalara, *Vibrio cholerae*, tana yaɗuwa sosai a ruwa mai ɗan kanwa, har zuwa wajen 9, kuma ta dogara ƙwarai da sodiyam. A ɗakin gwaji ma, idan ana neman ta a bayan gidan majiyyaci, ruwan kiwo mai pH wajen 8.6 ake zuba samfurin a ciki, don ta rigayi sauran ƙwayoyi girma. Rauninta shi ne tsami: ƙasa da 4.5 ba ta daɗewa.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jihar Kebbi tana cikin jihohin da abin ya shafa. Garuruwan bakin ruwa, inda ake sha, a yi wanka, a yi wanki a gaɓa ɗaya, su ne suka fi bukatar kula. Ga abin da darasinmu yake koya mana:

- Kanwa ba ta tsarkake ruwan sha. 'Yar kanwar da ake jefawa a randa ko kunu tana iya kai ruwa daidai inda ƙwayar take so. A tafasa ruwa ko a sa masa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna.
- Tsamin tumbi garkuwa ce da Allah Ya ba mu. Gwaje-gwaje a Amurka sun nuna cewa idan aka kashe tsamin tumbi da soda, ƙwayoyin da ake bukata su sa cutar suna raguwa ninki dubbai. Mai yawan shan kanwa don ƙwannafi ya je asibiti a duba shi, musamman lokacin annoba.
- Abinci mai tsami ya fi wuyar ɗaukar ƙwayar. A annobar Gine Bisau ta shekarun 1990 an gano cewa gidajen da suke matsa lemon tsami a miya sun fi tsira. Amma lemo taimako ne kawai, bai maye gurbin tafasa ruwa, ɗumama abinci da wanke hannu da sabulu ba.
- Wanda gudawa mai ruwa-ruwa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A garzaya da shi asibiti, ana tafiya ana ba shi.

Taƙaitawa

Bakteriyar da ke zaune cikin kanwa tana riƙe cikinta kusa da tsakiya ne ta hanyar aiki ba tsayawa: musayar sodiyam da furoton, bango mai tsami, haɗa tsami, da inji mai tattalin furoton. Kowace ƙwaya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Don haka duk lokacin da muka tsamama abu, ko muka sa masa kanwa, ko muka dafa, ko muka shanya, zaɓe muke yi tsakanin ƙwayoyi. Iyayenmu sun daɗe suna wannan zaɓe da gwaninta. Sanin dalilinsa zai sa mu yi shi da ido buɗe.

Sababbin kalmomi

- *pH:* ma'aunin tsami da kanwa, daga 0 zuwa 14.
- *Furoton:* ƙanƙanin abu mai caji wanda yawansa ke kawo tsami.
- *Tantani:* siririn lulluɓin da ya raba cikin ƙwaya da wajenta.
- *Enzayim:* furotin mai gudanar da wani aiki a ciki ko wajen ƙwaya.
- *Amoniya:* iska mai kaifin wari da ke fitowa idan furotin ya farfashe.

Tambayoyi

1. Ruwa mai pH 7 da mai pH 10, wanne ya fi furoton, kuma sau nawa?
2. Faɗi haɗari biyu da bakteriya take fuskanta a cikin kanwa.
3. Yaya sodiyam yake taimakon ƙwaya ta tsare cikinta?
4. Me ya sa *Bacillus subtilis* take rinjayar sauran ƙwayoyi a daddawa?
5. Maƙwabcinku ya ce ya jefa kanwa a randa don maganin kwalara. Wace shawara za ku ba shi?

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya ziyarci mai daddawa ko mai bandar kifi a unguwarsu, ya nemi izini cikin ladabi, ya tambayi matakan aikin da alamomin da ake gane ya yi kyau ko ya lalace. A rubuta matakan a jere, a gaban kowanne a nuna ko yana kashe ƙwayoyi ne, ko yana kiwon su, ko yana tsayar da su. Za a karanta sakamakon a aji mako mai zuwa.